Kiɗan daban, labarin daban: asalin tsofaffin waƙoƙin Turawa da muke ji

A watan Satumban 1984 Ronald Reagan na yawon kamfen ɗin neman komawa kujerar shugabancin Amurka, ya tsaya a wani gari Hammonton a jihar New Jersey, ya ce wa jama'a makomar ƙasarsu tana cikin saƙon fatan alheri da ke cikin waƙoƙin ɗan jiharsu Bruce Springsteen. Lokacin faifan Born in the U.S.A. ne ke tashe, bangon faifan tutar Amurka ce, amshin waƙar kuma mutum ne yake ɗaga murya iya ƙarfinsa yana cewa a Amurka aka haife shi, ga ganga tana dukan ƙirji, duk wanda ya ji zai rantse waƙar alfahari da ƙasa ce. To amma fa in ka bi baitocin ɗaya bayan ɗaya sai ka ga wani abu daban. Labarin wani yaro ne da ya tashi a mataccen gari, ya shiga 'yar rigima a gida sai aka miƙa masa bindiga aka tura shi yaƙin Biyetnam, ya dawo ya je matatar mai neman aiki aka ce babu, ya je ofishin da ke kula da tsoffin sojoji nan ma bai samu komai ba, ɗan'uwansa ya mutu a fagen daga na Khe Sanh a can Biyetnam, shekara goma ta wuce yana nan tsakanin katangar gidan yari da wutar matata ba inda zai nufa. Wannan ihun na amshi kuka ne na mutumin da ƙasarsa ta yi amfani da shi ta yar.

Shi Springsteen bai je yaƙin ba, amma mai buga musu ganga a ƙungiyarsu ta samartaka, Bart Haynes, ya je kuma bai dawo ba, an kashe shi a 1967. Amurkawa sama da dubu 58 suka mutu a wannan yaƙi, 'yan Biyetnam kuwa sun haura miliyan. A 1981 ma sai da ya yi wasa a Los Angeles don a tara wa tsoffin sojojin kuɗi. Kuma farkon ɗaukar waƙar a 1982 shi kaɗai ne da jita a ɗaki, muryar a dushe, ba wanda zai ji wancan ɗaukar ya ɗaga tuta, sai da aka sa mata manyan ganguna da kiɗan nan mai tashi sama sannan ma'anarta ta juye a kunnen mutane. Kwana kaɗan bayan maganar Reagan yana wasa a Pittsburgh ya ce wa jama'a yana mamakin wane faifansa ne shugaban yake ji, sai ya kama waƙar wani ma'aikaci da aka rufe masana'antarsu ya ƙare a kurkuku.

A nan ne matsalar take farawa, kunne ba ya kama waƙa gaba ɗaya, amshi yake kamawa da kiɗa, baitoci kuwa suna wucewa ta saman kai. Idan Amurkawa da harshensu ne haka ta faru da su, ina ga mu da yawancin waƙoƙin nan a rediyo ko kaset ko cikin fim suka iso mana, Turancin ma na waƙa ne mai haɗiye kalmomi. Ni abun da ya dame ni ba wai mutum ya ji daɗin kiɗa bai san ma'ana ba, wannan ba laifi ba ne, abun da ya dame ni shi ne a bayan da yawa daga cikin waƙoƙin nan akwai mutane na gaske, wasu an kashe su, wasu an ci amanarsu, wasu an cinye musu haƙƙi, kuma waƙar ta zaga duniya ta bar su a baya.

Ɗauki Every Breath You Take ta ƙungiyar The Police, 1983, wadda ta yi sati takwas a saman jerin waƙoƙin Amurka. A can Turai da Amurka har a bikin aure ake sa ta, ango da amarya na rawa, sabida kiɗan a hankali yake kuma muryar mai taushi ce. Amma me mutumin yake cewa? Duk numfashin da kika ja, duk takun da kika yi, duk alkawarin da kika saɓa, idona na kanki, ke tawa ce. Sting, mawaƙin ƙungiyar, ya rubuta ta ne a Jamaika a 1982, a gidan da Ian Fleming marubucin labaran James Bond ya taɓa zama, a daidai lokacin da aurensa na farko yake rushewa, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa a hira cewa waƙar ta kishi ce da sa ido da son mallake mutum, yana mamakin masu ɗaukarta ta soyayya. Gaskiya duk macen da ta taɓa zama da namiji mai bin sawu, mai binciken waya, mai tambayar ina kika je wa kika gani, ta san ba so ba ne wannan, tsoro ne. A 1997 kuma waƙar ta sake canza riga, Puff Daddy ya ɗauki kiɗan jitar ya gina I'll Be Missing You don juyayin abokinsa Notorious B.I.G. da aka harbe a Los Angeles a watan Maris na shekarar, matasa da yawa ta nan suka fara sanin kiɗan, a matsayin waƙar ta'aziyya. Kuma shi wannan salon jitar da kowa ke ganewa Andy Summers mai jitar The Police ne ya buga shi, amma sunan Sting kaɗai ke kan takardar waƙar, don haka kuɗin marubuci wajensa ya riƙa tafiya. Ka riƙe maganar takardar nan, za mu dawo kanta.

I Will Always Love You ita ma kusan kowa da muryar Whitney Houston ya san ta, daga fim ɗin The Bodyguard na 1992, sati 14 ta yi a sama a Amurka. Asalinta kuwa ba ta saurayi da budurwa ba ce sam. Dolly Parton ce ta rubuta ta a 1973, tana so ta bar shirin talabijin na ubangidanta Porter Wagoner wanda ya fito da ita duniya, shi kuma ya ƙi sauraron maganar tafiya, sai ta sa abun da ke ranta a waƙa ta rera masa, ma'ana na gode, ina ƙaunarka, amma zan kama gabana. Sallama ce tsakanin yarinyar gida da maigida a sana'a, kuma ba ta ƙare lafiya lau ba don a 1979 sai da ya kai ta kotu, daga baya dai suka shirya. Inda Dolly ta burge ni shi ne lokacin da Elvis Presley ya so ya rera waƙar, manajansa Kanar Tom Parker ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallaka, ita kuma duk da son da take yi Elvis ya rera waƙarta ta ce a'a. Shi ya sa da Whitney ta zo ta girgiza duniya da ita, kuɗin marubuci gaba ɗaya hannun Dolly ya faɗa. Hey Jude ta The Beatles kuwa, 1968, Paul McCartney ya fara tsara ta ne a mota yana hanyar zuwa duba Julian, ɗan John Lennon mai shekara biyar, lokacin da uban ya bar uwar yaron, lallashin yaro ne da gidansu ya watse.

Akwai kuma waɗanda rahoton abun da ya faru ne kawai aka sa wa kiɗa. Smoke on the Water ta Deep Purple, wadda duk mai koyon jita da ita yake farawa, ba wani sirri a cikinta. Ranar 4 ga Disamba 1971 ƙungiyar na garin Montreux a Suwizalan za su ɗauki faifai a gidan cacar garin, Frank Zappa yana wasa a ciki, wani ɗan kallo ya harba bindigar nan mai tartsatsin wuta da ake neman agaji da ita, rufin ya kama, gini ya ƙone ƙurmus, hayaƙi ya kwanta a kan tafkin Geneva suna kallo daga masaukinsu. Claude Nobs, mai shirya bikin kiɗan jaz na garin, ya yi ta shiga yana fito da mutane, kuma sun sa shi a waƙar. Ba wanda ya mutu, suka koma wani otal da ba kowa suka ɗauki faifan Machine Head a baranda.

Ta Zombie kam da mutuwa a ciki. Ranar 20 ga Maris 1993 'yan IRA, masu yaƙin raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, suka dasa bama-bamai biyu a kwandunan shara a titin kasuwa na garin Warrington a Ingila, ranar Asabar ce mutane sun fito sayayya. Yaro ɗan shekara uku ya mutu nan take, wani ɗan shekara 12 ya cika bayan kwana biyar, mutane da dama suka jikkata. Dolores O'Riordan ta ƙungiyar The Cranberries 'yar Ailan ce daga yankin Limerick, wato da sunan mutanenta aka ce an yi wannan aiki, sai ta rubuta waƙa tana cewa ba da yawuna ba, ba da yawun danginmu ba, har ta ambaci 1916, shekarar boren Dublin, don ta nuna tun yaushe ake jan wannan gaba a cikin kai. Waƙar ta fito Satumban 1994, makonni kaɗan bayan IRA ta sanar da tsagaita wuta, yarjejeniyar zaman lafiya kuma sai 1998. Yanzun a filin wasa ake rera amshin da murna, mutane da yawa ɗauka suke waƙar fim ɗin gawarwaki masu tafiya ce. Duk wanda ya rayu a garin da bam ya taɓa tashi a kasuwa ko tasha ba sai an yi masa dogon bayanin abun da matar nan take ji ba. Kuma kar a haɗa ta da Zombie ta Fela ta 1976, suna ne kawai ya zo ɗaya, shi Fela sojoji yake nufi masu bin umarni ba tunani, kuma abun da ya biyo baya shi ne farmakin da sojoji suka kai gidansa na Kalakuta a Legas a Fabrairun 1977, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu shekara mai zuwa.

To a nan sai an yi hattara, don da zarar mutane sun gane waƙa na iya ɓoye abu sai kuma a wuce gona da iri, kowace waƙa a ce akwai aljani a cikinta. Hotel California ta Eagles, 1976, ita ce ta fi shan wannan, an ce wai cocin masu bautar Shaiɗan ake nufi, an ce gidan mahaukata ne, an ce in ka duba hoton bangon faifan za ka ga shugaban matsafa a taga. Hoton gaban dai otal ɗin Beverly Hills ne, kuma Don Henley, ɗan ƙungiyar da ya rubuta yawancin baitocin, ya yi bayani ba sau ɗaya ba cewa rayuwar Los Angeles suke nufi, ta kuɗi da ƙwaya da sharholiya wadda mutum ke shiga da ƙafarsa ya kasa fita. Ni a wajena wannan bayanin ma ya isa abun tsoro ba sai an ƙara masa tsafi ba. American Pie ta Don McLean, 1971, tushenta a fili yake, haɗarin jirgin sama na 3 ga Fabrairu 1959 a jihar Iowa da ya kashe mawaƙa Buddy Holly da Ritchie Valens da Big Bopper da matuƙin jirgin, McLean yana ɗan shekara 13 mai rabon jarida ya ga labarin, amma sauran baitocin ya yi shekaru yana ƙin fassarawa, mutane suka yi ta cika gurbin da hasashe. Hanyar tantancewa dai ita ce a duba abun da marubucin ya faɗa da bakinsa, da abun da waɗanda ke sitidiyo ranar suka shaida, da kuma ko kwanan wata ya yi daidai, sauran duk hira ce.

Wadda na fi so in tsaya a kanta a ɓangaren soyayya ita ce Layla, sabida tushenta labari ne da muka sani tun kafin a haifi kiɗan rok. Eric Clapton ya kamu da son Pattie Boyd, ita kuma matar amininsa ce George Harrison na The Beatles. Ana cikin haka wani abokinsa marubuci ɗan Sikotlan, Ian Dallas, wanda ya musulunta aka san shi da Shehu Abdalqadir as-Sufi, ya haɗa shi da labarin Laila da Majnun, wato Ƙais ɗan Mulawwah na ƙabilar Banu Amir da aka hana shi Laila aka aurar da ita ga wani, ya zauce ya shiga sahara yana waƙe ta, labarin da mawaƙin Farisa Nizami ya tsara a dogon baiti a ƙarni na 12. Clapton ya ga kansa a cikin Majnun, ya je Miami a 1970 da ƙungiyar da ya kira Derek and the Dominos, Duane Allman ya shigo da tasa jitar, suka fitar da wannan kukan jitar da har yau in ya tashi sai tsigar jikin mutum ta motsa. Amma gaskiya sai an faɗe ta, Sufaye sun karanta labarin Majnun a matsayin misalin bawa da ya narke cikin son Ubangijinsa, shi kuwa Clapton aron rigar ya yi don neman matar abokinsa, kyan kiɗan bai wanke wannan ba. Kuma ya samu abun da yake nema, auren Harrison ya mutu a 1977, Clapton ya auri Pattie a 1979, sai dai giya da neman mata suka cinye auren, har ya haifi ɗa a waje suna tare, suka rabu kafin 1990. Wannan yaron ne ya faɗo daga tagar bene hawa na 53 a New York a watan Maris 1991 yana ɗan shekara huɗu, kuma shi ne asalin Tears in Heaven. Ita ma Layla ɗin akwai rigimar takarda a jikinta, kiɗan fiyanon nan mai sanyi na ƙarshe sunan mai ganga Jim Gordon aka sa, amma mawaƙiya Rita Coolidge, wadda budurwarsa ce a lokacin, ta daɗe tana cewa tare suka tsara shi aka share sunanta.

Maganar share suna ita ta kawo mu inda abun ya fi shafarmu, don waƙoƙin da ake kira na Turawa da yawa jijiyarsu a wannan nahiya take ko a wajen baƙaƙen fata. Boney M da iyayenmu suka sha ji, furodusa Bajamushe ne Frank Farian ya haɗa su, Rivers of Babylon da suka fitar a 1978 asalinta ta 'yan Jamaika ce The Melodians tun 1970, baitocin daga Zabura ta 137 aka ɗauko, kukan Bani Isra'ila da aka kwashe bayi zuwa Babila aka ce su yi wa iyayen gijinsu waƙa, 'yan Rasta kuma suka ɗora shi a kan jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Waƙar bauta ce aka maida ta disko. Ma Baker ɗinsu kuma karin waƙar gargajiyar Tunisiya ne, Sidi Mansour. Ob-La-Di, Ob-La-Da ta The Beatles, kalmomin da ke sunan McCartney a bakin wani makaɗin ganga ɗan Najeriya da ke zaune a Landan ya ji su, Jimmy Scott, mutumin ya nemi a ba shi kaso, aka ce ai magana ce kawai ba waƙa ba, ƙarshe dai McCartney ya biya masa wasu kuɗin shari'a da suka sa aka tsare shi, shi kuma ya janye.

Manu Dibango na Kamaru shi ya ɗan tsaya wa kansa. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, ya yi wa gasar waƙa, a bayan faifan ya sa wata Soul Makossa, daga kiɗan makosa na mutanen Duwala. Wani mai sa faifai a gidan rawa a New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani shago, gidan rediyo ya ɗauka, 1973 ta shiga jerin waƙoƙin Amurka. Shekara goma bayan fitowarta Michael Jackson ya rufe Wanna Be Startin' Somethin', waƙar farko a faifan Thriller, da wannan amshin na mama-se mama-sa, ba izini ba suna. Dibango ya kai ƙara aka sasanta a wajen kotu aka biya shi. Da Rihanna ta sake ɗaukowa a 2007 daga wajen Jackson ya sake zuwa kotu a Paris a 2009, wannan karon bai yi nasara ba. Ya rasu a Faransa a watan Maris 2020 da cutar korona. Shi dai yana da ilimi, yana zaune a Turai, ya san lauya, ya san me ake kira haƙƙin mallaka.

Solomon Linda bai san ko ɗaya ba, kuma labarinsa wallahi duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci. Bazulu ne daga karkarar Natal a Afirka ta Kudu, ya taso yana kiwon shanu, ya zo Johannasbag neman abinci, yana da ƙungiyar mawaƙa ta maza zalla ba kayan kiɗa sosai, The Evening Birds. A 1939 suka shiga sitidiyon kamfanin Gallo suka ɗauki wata waƙa Mbube, ta zaki, maza na jan amshi da kakkaurar murya a ƙasa shi kuma yana yawo da siririyar murya a sama, can wajen ƙarshe ya saki wani kari da ya zo masa a take, wannan karin shi ne duniya ta sani yau a The Lion Sleeps Tonight. Faifan ya sayu kusan dubu 100 cikin shekara goma, har sunan waƙar ya zama sunan salon waƙa gaba ɗaya, wanda daga jikinsa irin su Ladysmith Black Mambazo suka fito. Abun da aka ba shi na sallama haƙƙinsa sule goma ne, sai kuma aikin jera faifai a kwali a ma'ajiyar kamfanin.

Faifan ya tsallaka Amurka, Alan Lomax mai tattara waƙoƙin gargajiya ya kai wa mawaƙi Pete Seeger, shi kuma bai ji kalmar Zulun da kyau ba ya maida ta Wimoweh, ƙungiyarsa The Weavers ta yi kasuwa da ita a farkon shekarun 1950, a kan takarda aka sa wani sunan bogi Paul Campbell kaman waƙar gargajiya ce marar mai ita. Shi Seeger daga baya ya aika wa Linda dala dubu kuma ya ce a riƙa tura masa nasa kason, a yi masa adalci a nan, amma kamfanonin da ke riƙe da takardun su ne masu cin moriyar. A 1961 George David Weiss ya sa mata baitocin Turanci, The Tokens suka rera ta hau lamba ɗaya a Amurka. Shekara ɗaya bayan nan, 1962, Linda ya mutu da ciwon ƙoda a talauce, ko dutsen kabari iyalinsa ba su iya saya ba sai bayan shekara 18. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ka tuna a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata ake, baƙin mutum da bai yi boko ba ina zai kai ƙarar kamfanin New York.

A 1994 Disney ta sa waƙar a The Lion King, kuɗi suka sake ɓarkewa, 'ya'yansa mata na Soweto cikin rashi. Sai a shekarar 2000 wani ɗan jarida ɗan ƙasar, Rian Malan, ya bi diddigin kuɗin ya rubuta dogon rahoto a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta waƙar ta tara wajen dala miliyan 15 na haƙƙin marubuci. Daga nan lauya Owen Dean ya tono wata tsohuwar dokar Birtaniya ta 1911 da ta shafi ƙasashen da ta mallaka, wadda ta ce shekara 25 bayan mutuwar marubuci haƙƙin yana komawa ga magadansa ko da ya sayar, wato tun 1987 ya kamata Mbube ta dawo gida. A 2004 suka shigar da ƙara, kuma da yake Disney ba a ƙasar take ba, sai kotu ta ba su damar riƙe tamburan kasuwancinta da ke rajista a Afirka ta Kudu, har da na Mickey Mouse, a matsayin jingina. A Fabrairun 2006 kamfanin Abilene Music da ke riƙe da waƙar ya sasanta, aka biya magada kuɗin da ba a bayyana adadinsa ba, aka yarda a sa sunan Solomon Linda cikin marubutan waƙar, shekara 67 bayan ya rera ta. Sai dai yarjejeniyar biyan kason tana da wa'adi, ta ƙare a ƙarshen 2017, kuma da aka sake fitar da sabon The Lion King a 2019 waƙar tana ciki.